ATTAJIRIN AFISA DA JERIN GWANONSA

 An ba ni 'yan mintoci in ce wani abu a kan tarihi, na kuwa zaɓi in kai mu ƙasar Girkawan dā, mu ga yadda masu hannu da shuni suke hidimar bukukuwan addinin garuruwansu.

A birnin Atina dole ce. Hukuma kan ɗora wa attajiri nauyin mawaƙan biki ko na jirgin yaƙi, ya biya daga aljihunsa. In ya ce wane ya fi shi dukiya, doka ta ba shi damar ƙalubalantar wanen: ko ya karɓi nauyin, ko su yi musanyar dukiya. Daga baya abin ya koma na ganin dama da neman suna, gari kuma ya saka wa mutum da kambin zinariya da mutum-mutumi da laƙabin "mai aikin alheri".

Wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne Gayus Bibiyus Salutaris, mutumin Afisa, birnin da kangonsa yake yammacin Turkiyya. Ya yi wa daular Rum aiki, har da karɓar haraji a Sisili. A shekara ta 104 Miladiyya, zamanin Sarki Tarajan, ya bai wa garin mutum-mutumi 31 na zinariya da azurfa. Akwai na gunkiyarsu Artamis, da na sarki da matarsa, da na majalisar dattawan Rum, da na ƙabilun garin. Ya ƙara da dinari 20,000, a ba da su bashi a kan ruwa tara cikin ɗari, a riƙa raba dinari 1,800 da za su haifa kowace shekara a ranar haihuwar gunkiyar.

To, jama'a, ku dubi rabon. Ɗan majalisar gari dinari ɗaya yake samu, shi ma sai ya zo da ƙafarsa. Wasu kuwa sai ƙuri'a ta faɗa kansu. Ba kuɗin da zai fid da kowa daga talauci ba ne, a ganina ma ba don haka aka ba da shi ba. Jerin gwanon shi ne maganar.

Duk ranar taron gari ko biki ko wasanni, sai a ɗauko mutum-mutumin nan daga haikalin Artamis da ke bayan gari, a shigo da su ta Ƙofar Maginesiya. A nan samarin gari masu karɓar horo za su tarye su, su raka su har dandalin wasan kwaikwayo, a jera su a gaban jama'a. In an watse a fita da su ta Ƙofar Koresos a mayar. Yaron da ya bi wannan hanya sau da yawa, ba sai malami ya gaya masa wa yake sama wa yake ƙasa a Afisa ba, ko wane ne ya biya. Malamanmu na tarihi za su yarda da ni cewa wannan darasi ne da ake koyo da ƙafa.

Mutumin kuwa bai yarda da 'yan bayansa ba ko kaɗan. Ya sa an rubuta nauyin kowane mutum-mutumi, kada wani ya kankare azurfar. Wanda ya sauya sharaɗi zai biya tarar dinari 25,000 ga haikali, da wasu 25,000 ga baitulmalin sarki. Gwamnan Rumawa ya amince, aka sassaƙa duka a bangon dandalin, layi 568.

Haikalin ya rushe, laka ta binne shi har aka manta inda yake. Wani Bature ɗan Ingila mai suna John Turtle Wood ya yi shekaru yana haƙa bai same shi ba. A 1866 ya tono duwatsun rubutun Salutaris, ya karanta hanyar da aka shata wa masu jerin gwano, ya nemo Ƙofar Maginesiya, ya bi titin da ya fita daga cikinta. Ranar ƙarshe ta 1869 ya isa daɓen haikalin, kimanin ƙafa 20 a ƙarƙashin ƙasa. Duwatsun rubutun kuwa aka kwashe su zuwa gidan tarihi na Birtaniya a Landan.