Kalma Ɗaya, Ma'ana Biyu: Sadaka ko Ƙauna?

 Yau za mu duba kalma ɗaya da yaranmu 'yan makaranta suke cin karo da ita in sun buɗe Littafi Mai Tsarki na Turanci, fassarar Sarki James. Kalmar ita ce "charity", ta fito sau 9 cikin 1 Korantiyawa sura 13. A lokacin addu'ar iyali, baba ya karanta na Hausa ya ga ƙauna, ɗa kuwa ya duba na Turanci ya ce ai sadaka ake nufi. Wane ne yake da gaskiya?

Bari mu koma baya kaɗan. An buga wannan fassara a Ingila a shekara ta 1611. A lokacin, Turawa ba su daidaita rubutunsu ba tukuna. Sun rubuta kalmar nan "charitie". Kalmar "love" sun rubuta ta "loue", sunan Yesu kuma da harafin I yake farawa maimakon J. A shekara ta 1769 wani malami a Oxford, Benjamin Blayney, ya gyara rubutun, shi ne kusan wanda muke gani yau. Ya gyara haruffa, amma yawancin kalmomin suka zauna yadda suke, ma'anarsu kuwa ta ci gaba da canjawa a bakin mutane.

Manzo Bulus da Helenanci ya rubuta, kalmar da ya yi amfani da ita kuwa "agape" ce, wato ƙauna mai ba da kai. Da aka juya ta zuwa Latinanci aka ce "caritas", daga kalmar da take nufin abu mai tsada, mai daraja a zuciya. Daga nan Turawa suka samo "charity". William Tyndale, wanda ya buga Sabon Alkawari da Turanci a 1526, ya zaɓi "love" domin talaka ya gane. Masu fassarar 1611 suka koma ga tsohuwar kalmar a wannan sura. Da tafiya ta yi tafiya, ma'anarta ta ragu har ta zama ba da taimako ga matalauta kawai.

To, 'yan'uwa, aya ta 3 ta raba gardama. A nan Bulus yana koya mana cewa mutum zai iya rabar da dukan dukiyarsa ga matalauta, amma in ba shi da wannan abu, bai ci ribar kome ba. Da sadaka yake nufi, da maganar ba ta da kai. Saboda haka baba ne yake da gaskiya, Littafi Mai Tsarki na Hausa ya faɗa daidai.

Wannan ya shafe mu. Muna iya kai buhun masara coci ranar godiya, alhali shekara biyu ba mu gai da ɗan'uwanmu ba saboda rikicin gona. Muna iya biya wa maraya kuɗin makaranta, muna kuma yi masa gori kullum. Hannu ya bayar, zuciya a rufe take. Allah yana duban zuciyar.

Iyaye, in yaro ya kawo kalmar Turanci mai wuya, ku buɗe na Hausa tare, ku karanta surar dukanta.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka koya mana ƙauna irin taka, domin bayarwarmu ta fito daga zuciya mai tsabta. Cikin sunan Yesu, amin.