Akwatin zaɓe ya zo, makiyayi yana cin rani
Jawabin da aka gabatar a taron wakilan makiyaya

Ina gaida ardo-ardo da garso-garso, da dattawa, da iyayenmu mata, da samari masu bin dabbobi.

An ce in yi magana bisa taimakon da ƙasashen waje suka riƙa bayarwa don shirya zaɓe a Nijar, da rabon da makiyayi ya samu a ciki. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa.

Tun bayan babban taron ƙasa na 1991 da zaɓen 1993, kusan kowane zaɓe sai an samu hannun masu ba da agaji, irin su PNUD da Tarayyar Turai. Kuɗinsu sun taimaka wajen sayen akwatuna da tawada, da horar da ma'aikatan rumfunan zaɓe, da waye kan jama'a ta rediyo. Ba mu raina ba. Amma wanda ya tsara aikin da ɗan gari a ransa ya tsara shi, mutumin da ake iskewa ƙofar gidansa rani da damina.

Ku tuna zaɓen ƙarshe. An zaɓi kansiloli ranar 13 ga Disamba 2020, shugaban ƙasa ranar 27 ga Disamba, zagaye na biyu kuma ranar 21 ga Fabrairu 2021. Ina makiyayi yake a waɗannan watanni? Ya gangara kudu bayan an kwashe amfanin gona, wani yana Nijeriya, wani yana Binin. Katinsa na rumfar garinsu ne, tafiyar kwana da kwanaki. Wa zai bar garke a daji don ya je ya dangwala yatsa?

Kafin katin ma akwai takardar haihuwa. Yaranmu da yawa a ruga aka haife su, ba a rubuta su ko'ina ba. An aiko alƙalai ƙauyuka suna ba da takardu, amma kafin labari ya iske mashekari sun tashi.

Ni da kaina wani shiri ya taɓa gayyata ta taron waye kai a Yamai. Kwana uku muna otel, ana ta Faransanci, aka ba mu kuɗin mota muka watse. Da na koma, dattijon rugarmu ya ce: "Ɗana, me ka kawo mana game da burtalin da aka nome?" Na rasa amsa.

Yau abubuwa sun sake. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, masu agaji da dama sun dakatar da kuɗinsu, kuma a Afrilu 2024 aka rushe majalisun kansiloli. To, mu zauna jiran baƙo ya dawo? Kowa ya dogara da tukunyar maƙwabci, da yunwa zai kwana.

Muna da abin riƙewa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye da ake kira COFO, kuma makiyayi yana da kujera a cikinsu. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce yawo da dabbobi haƙƙinmu ne. Can ake shata burtali, can ake maganar rijiya da makiyaya. In kujerarmu ta zauna wofi, da mu za a yanke hukunci ba mu nan.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Kowane ardo ya rubuta sunayen yaran da ba su da takarda kafin a tashi cin rani. Kowace ruga ta tsaida wakili ɗaya, namiji ko mace, wanda zai riƙa zuwa zaman COFO, mu haɗa masa kuɗin mota da kanmu. Duk ranar da aka koma maganar zaɓe kuma, mu faɗa wa hukuma da masu agaji tun da wuri: a tambaye mu lokaci, a kawo rajista bakin rijiya da kasuwar dabbobi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da dukiyarmu.