Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Jawabi Kan Zaɓen Manhajar Tace Bidiyo



Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, ina godiya da wannan dama. Kwamiti ya damƙa mini kasakasan VHS na bukukuwan makarantarmu domin a mayar da su cikin kwamfuta a tace su, kuma an nemi in bayyana manhajar da ta dace.

Aikin nan na gaggawa ne. Kaset yana lalacewa da zafi da raɓa, kuma tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina ƙera ta. A cikin kasakasan nan akwai fuskoki da muryoyin malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Idan suka ɓace, ba mu da madadinsu.

Bari in fara da kuskurena. Da na shiga sana'ar ɗaukar bidiyon biki, sai na ɗora babbar manhaja a kan tsohuwar kwamfutata, don kawai na ji ita ƙwararru ke amfani da ita. Kwamfuta ta dinga sandarewa, aikin kwana biyu ya kai mako uku. Uban amarya ya karɓi kayansa, bai sake nemana ba. Tun daga ranar nake yi wa kaina tambaya uku.

Ta farko, wane aiki zan yi? Mai yanka gajeren bidiyo don WhatsApp, CapCut a wayarsa ya ishe shi. Mai shirya fim da ke son gyaran launi da sauti, sai ya duba DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design, wanda yake da na kyauta da na saye.

Ta biyu, wace na'ura gare ni? DaVinci Resolve yana son kwamfuta mai ƙarfi, wadda ƙwaƙwalwar aikinta ta kai gigabait 16. Final Cut Pro kuwa sai a na'urorin Apple. Shotcut da Kdenlive suna aiki a Windows da Mac da Linux, kuma sun fi tausaya wa ƙaramar kwamfuta.

Ta uku, me aljihuna zai ɗauka? Adobe Premiere, wanda ya fito a 1991, manhaja ce mai kyau ƙwarai, amma tun 2013 sababbin fitowarta sun koma haya, a biya wata-wata ko shekara-shekara. Ran da ka daina biya, ran nan za a rufe maka ƙofa. Kada kuma a ruɗe ku da ta sata da ake sayarwa a kasuwa, sau da yawa da cuta take zuwa.

To, namu aikin yanka ne da haɗawa, da rubuta sunayen malamai da shekara, da ɗan ɗaga sauti. Saboda haka shawarata ita ce Shotcut. Kyauta ce, ba ta buga tambarinta a kan hoto. Kuɗin da za mu ba manhaja, gara mu sayi na'urar da ke haɗa bidiyo da kwamfuta, da ma'ajiya biyu, kowace a gida daban.

Roƙona gare ku, duk mai tsohon kaset a gida ya kawo. Malamanmu kuma ku daure ku zauna da mu, domin ku ne za ku gane fuskokin da muka manta.

Allah Ya bar zumunci.