Hanoi: Birnin da Ya Sassaƙa Sunayen Ɗalibansa a Kan Dutse



Da aka nemi in yi magana a kan wani birni na ƙasar waje da wuraren tarihinsa, sai na zaɓi Hanoi, babban birnin Biyetnam. Na san yawancinmu, in an ambaci Biyetnam, abin da ke faɗo mana a rai shi ne yaƙin da ta yi da Amurka, wanda ya ƙare a 1975. Alhali kuwa Hanoi ta haura shekara 950 da kafuwa kafin jirgin yaƙin Amurka ya gilma ta samanta. Niyyata ita ce in ɗauke ku mu zaga birnin da ƙafa, muna lura da abu guda, watau yadda mutanensa ke tuna ma'aikatan gwamnatinsu, na kirki da na banza. Tun da yake waɗanda ke cikin wannan zaure ko dai sun kama aikin gwamnati, ko kuwa jarrabawa kaɗai ta rage tsakaninsu da shi, ina zaton maganar ta shafe mu.

Sai mu fara da ɗan tarihi, don kada mu yi tafiyar makaho. Sinawa sun mulki arewacin Biyetnam wajen shekara 1,000, tun daga shekara ta 111 kafin haihuwar Annabi Isa har zuwa 938, sa'ad da Ngo Quyen ya ragargaza jiragen ruwansu a kogin Bach Dang. A 1010 Sarki Ly Thai To ya taso daga Hoa Lu, cikin duwatsu, ya kafa fadarsa a bakin Jan Kogi, ya sa wa wurin suna Thang Long, watau dodon da ke tashi sama, irin dodon nan mai siffar maciji na almarar mutanen Gabas. Sunan Hanoi kuwa sai a 1831 aka raɗa shi.

Baƙo yakan soma yawonsa ne daga tafkin Hoan Kiem, wanda ke tsakiyar gari. Ma'anar sunan ita ce tafkin da aka mayar da takobi. Le Loi, wanda ya shekara 10 yana yaƙi da rundunar Sin har ya kore ta, ya hau gadon sarauta a 1428. Almara ta ce da wani takobi na aro ya yi yaƙin, kuma wata rana yana shan iska cikin kwalekwale sai wata ƙatuwar kififiya ta ɓullo ta nemi a mayar da kayan mutane, shi kuwa ya miƙa. Ba na neman kowa ya gaskata labarin. Ku dai lura da irin sarkin da suka zaɓi su yaba: wanda ya san takobin aro ne. Manyan kififiyoyi na gaske sun zauna a tafkin, ta ƙarshe ta mutu a watan Janairu na 2016, an kuma adana gawarta a ɗakin ibada na Ngoc Son, wanda ake isa gare shi ta wata jar gadar katako.

Arewa da tafkin akwai tsohon gari, wanda ake yi wa laƙabi da tituna 36. Kowane titi da sunan hajar da aka san shi da ita: Hang Bac na azurfa, Hang Thiec na kuza, Hang Muoi na gishiri, Hang Duong na sukari. Wasu sun riƙe sana'ar, wasu sunan kaɗai ya saura. A titin Hang Luoc akwai masallacin Al-Noor, wanda fataken Indiya suka gina wajen 1890. Shawara guda ga mai ƙetare titi a nan: babura ba sa tsayawa, su dai kauce maka suke yi, saboda haka ka yi tafiyarka a natse, kada ka ruga, kada kuma ka ja da baya.

Daga nan mu nufi yamma. A kan hanya za mu wuce ta kurkukun Hoa Lo, wanda Faransawa suka soma ginawa a 1896 don tsare masu yi wa mulkinsu tawaye. An rushe yawancinsa a shekarun 1990, abin da ya rage ya zama gidan tarihi, da ƙarafan ɗaure ƙafa da na'urar sare kai. A wannan gida kuma aka tsare matuƙa jiragen Amurka, ciki har da John McCain, wanda aka harbo a 1967. Ɓangaren da ke ba da labarinsu ya nuna su suna wasanni da bukukuwa, alhali su da kansu sun ba da labarin azaba bayan an sake su a 1973. Gidan tarihi na gwamnati, ko'ina yake, da bakin mai shi yake magana. Ba za mu daɗe a nan ba.

Inda nake so mu zauna shi ne Van Mieu, wanda Turawa ke kira Haikalin Adabi. An gina shi a 1070 don girmama Konfushiyas, malamin nan na Sin. A 1075 aka yi jarrabawar farko ta ɗaukar ma'aikatan sarki, a 1076 kuma aka buɗe makarantar Quoc Tu Giam a wurin, wadda mutanen ƙasar ke ɗauka a matsayin jami'arsu ta farko. Da fari 'ya'yan sarauta kaɗai ke shiga, daga baya aka buɗe wa hazikan 'ya'yan talakawa. Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka kori Sinawa da takobi su ne suka riƙe rubutun Sinawa da littattafansu da tsarin jarrabawarsu. A bakin ƙofa akwai allunan dutse guda 2 da ke umartar mahayi, kome girmansa, ya sauka daga doki.

Ginin farfajiya 5 ne, ɗaya na bin ɗaya. In ka wuce ɗan soron Khue Van, wanda aka gina a 1805, kuma hotonsa ne ke bayan takardar kuɗi ta dong 100,000, sai ka shiga farfajiya ta 3. A tsakiyarta akwai tafki mai kusurwa huɗu, dama da hagu kuwa allunan dutse 82, kowane a tsaye bisa bayan kunkurun dutse. Sarki Le Thanh Tong ne ya ba da umarnin kafa na farko a 1484. Kowane allo na jarrabawa guda ne, daga ta 1442 zuwa ta 1779, kuma a kansu akwai sunaye fiye da 1,300 na waɗanda suka ci babbar jarrabawa, kowa da sunan garinsu.

Bari in ba ku hoton abin da mutum ke sha kafin sunansa ya hau dutsen. Shekara 3-3 ake yin jarrabawar, hawa 3 gare ta: ta lardi, ta babban birni, sa'an nan ta fada, inda sarki da kansa ke ba da tambaya. A ta lardi, ɗalibi shi zai zo da ɗan tantinsa da gadon gora, ya kafa a fili, ya duƙa ya yi ta rubutu, ko ana rana ko ana ruwa. A 1442 mutum 450 suka zauna babbar jarrabawa, 33 suka ci. Wanda ya ci kuwa sai a ba shi riga da hula, a yi masa liyafa, a ɗora shi bisa doki a raka shi garinsu da kiɗa, daga nan a ba shi muƙami.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ai karramawa ce kawai. To, amma rubutun da ke kan allon 1442, wanda wani babban malamin fada mai suna Than Nhan Trung ya tsara, bai tsaya ga yabo ba. Bayan ya bayyana cewa ƙarfin ƙasa na rataye ne ga masu ilmi da hali na gari, sai ya ambata cewa cikin waɗanda suka ci jarrabawa akwai waɗanda cin hanci ya lalata, ya kuma nuna cewa an kafa dutsen ne don ya ƙarfafa na kirki, ya tsoratar da mugu. Ku duba dabarar. Takardar shaidar digiri a akwati take kwana, mai ita kaɗai ke ganinta. Wannan kuwa a fili take, da sunanka da na garinku, inda jikan wanda ka zalunta zai iya zuwa ya sa yatsa. A ganina, wanda aka sassaƙa sunansa a nan an ba shi girma, an kuma ɗaure shi.

A farfajiya ta ƙarshe akwai mutum-mutumin Chu Van An, wanda ya shugabanci makarantar a ƙarni na 14. Da ya ga fada ta lalace a zamanin Sarki Tran Du Tong, sai ya rubuta takardar koke yana neman a yanke wa manyan fadawa 7 hukuncin kisa. Sarki ya yi biris. Malamin ya ajiye muƙaminsa, ya koma dutsen Chi Linh ya ci gaba da karantarwa har ya rasu a 1370. Bayan rasuwarsa aka shigar da sunansa cikin waɗanda ake girmamawa a haikalin, kuma har yau makarantu da tituna na ɗauke da shi.

Kada in yi wa tsarin ado fiye da kima. Mata ba su da damar shiga jarrabawar. Karatun kuwa yawancinsa haddar littattafan Sin ne da gwanintar tsara waƙa, babu ruwansa da injin ko igwa, kuma an ga sakamakon haka ranar da jiragen Faransa suka iso. An yi jarrabawar ƙarshe a 1919 a birnin Hue, inda sarakunan Nguyen suka mayar da fada tun 1802. Yau da haruffan Rumawa ake rubuta harshen Biyetnam, saboda haka ɗaliban da ke cika wurin nan gab da jarrabawa don neman sa'a, yawancinsu ba sa iya karanta abin da ke kan allunan. Sun yi ta shafa kawunan kunkurun har duwatsun suka soma siɗewa, dole aka kewaye su da shinge. Ɗan boko da aka miƙa wa takardar kakansa ta ajami ya yi ta juya ta, ya san wannan hali.

Mu tashi, mu yi arewa zuwa tsohuwar fadar Thang Long, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2010. Faransawa sun rushe yawancin ganuwarta a shekarun 1890, amma tonon da aka soma a 2002 ya fito da harsashin gine-gine da rijiyoyi da tukwane na zamanai daban-daban, wani bisa wani. Ku nemi Ƙofar Arewa. A jikinta akwai ramuka 2 na harsashin igwa, daga harin 25 ga Afrilu, 1882. Gwamnan birnin a ran nan, Hoang Dieu, shi ma ɗan jarrabawa ne. Da ya ga an ci garin, sai ya rubuta wa Sarki Tu Duc takarda yana ɗaukar laifin a kansa, sa'an nan ya rataye kansa. Kafinsa, a 1873, Nguyen Tri Phuong ya ji rauni a kan wannan ganuwa, aka kama shi, ya ƙi magani ya ƙi abinci har ya mutu. Ba ina yabon kisan kai ba ne, addininmu ma ya hana. Abin da nake nunawa shi ne, mutum biyu ne da aka ci su da yaƙi, duk da haka a saman ƙofar aka keɓe wurin tunawa da su, tituna 2 da suka sa fadar a tsakiya kuma sunayensu suke ɗauke da su, saboda ba su gudu sun bar aikin da aka ba su ba.

Tafiya kaɗan yamma da fadar sai dandalin Ba Dinh, inda Ho Chi Minh ya karanta shelar 'yancin kai ran 2 ga Satumba, 1945. Faransawa ba su yarda ba sai da aka ci su a Dien Bien Phu a 1954. Da ya dawo Hanoi, ga ƙaton gidan Gwamna Janar na Faransa, mai launin rawaya, yana jiransa, amma ya ƙi kwana a ciki. Ya zauna a wani ɗan gida na ma'aikata a harabar, daga 1958 kuma ya koma gidan katako bisa dirkoki, irin na mutanen kan tudu, mai ɗaki 2 a sama, a bakin wani kududdufin kifi. Gidan na nan, ana shiga a gani. Na san akwai siyasa a cikin irin wannan zuhudu, kuma gwamnatinsa ta yi ɓarnar rayuka wajen rabon gonaki a shekarun 1950, abin da ita kanta ta amsa a 1956. Duk da haka, ɗaki 2 ɗaki 2 ne.

A gaban dandalin kuwa ga hubbarensa na dutse, wanda aka buɗe a 1975. Da safe kaɗai ake shiga, a jere, a yi shiru, ba ɗaukar hoto, ba sa hannu a aljihu, a wuce ta gaban gawar da ke cikin gilashi. Shi mai gawar, a wasiyyarsa, cewa ya yi a ƙone shi, a raba tokar a binne a arewa da tsakiya da kudancin ƙasar, kada a ɓata kuɗin jama'a a kan jana'iza. Da ya rasu a 1969, shugabannin jam'iyya suka cire sashen ƙona gawar daga abin da aka buga, suka kuma ce ran 3 ga Satumba ya rasu, don kada makoki ya faɗo a ranar 'yanci. Sai a 1989 suka fito da cikakkiyar wasiyyar, suka kuma amsa cewa ran 2 ga wata ne.

Shugaban taro, a nan zan dakata, don a sami lokacin tambayoyi.