Sabuwar Shekara a Cikin Gida

Iyayenmu maza da mata, 'yan ajin yaƙi da jahilci na ƙasar Dutse, tun daga Garu har Kiyawa da Jahun, muna yi muku barka da zuwa. Maganarmu ta yau a kan sabuwar shekara ce, da yadda za mu tarye ta a gida tare da 'ya'yanmu ƙanana.

Bari mu fara da wani labari. Wani ɗan ajinmu ya kai 'yarsa makaranta. Malam ya tambaye shi, "Shekarunta nawa?" Ya ce, "An haife ta shekarar ambaliya." Malam ya ce, "Wace ambaliyar? Ta 2020 ko ta 2022?" Mutumin nan ya yi shiru. Ya koma gida ya tambayi uwar yarinya, ita kuwa ta ce abin da ta ke tunawa kawai, da damina ne, ana gab da Cika-ciki. Ba mu yi masa dariya ba, domin yawancinmu haka mu ke. Shekara ta shigo ta fita, ba mu rubuta kome ba.

To, mece ce wannan shekara tamu? Lissafinta ya fara daga hijirar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga Makka zuwa Madina cikin 622. Sayyidina Umar ne ya tsayar da lissafin a zamanin halifancinsa. Watanta na farko Muharram, wanda mu ke kira watan Cika-ciki. Ba ta shiga sai an ga jinjirin wata, Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa daga Sakkwato.

Kwanakinta 354 ne ko 355, watau ta gaza shekarar Bature da wajen kwana 11. Shi ya sa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ga misali. An yanke Jihar Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, aka mai da Dutse babban birni. A shekarar nan Muharram na 1412 ya kama cikin Yuli. Daga nan ya yi ta ja da baya, ya ratsa bazara, ya ratsa hunturu da kaka, har 2024, sa'ad da 1446 ta sake kamawa farkon Yuli. Watau shekara 33 ta Bature daidai ta ke da 34 ta Hijira. Kun ga wanda ya ce "da damina, gab da Cika-ciki" ya faɗi wani abu, amma bai faɗi duka ba.

Yanzu sai abin da za mu yi a gida. Ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

Daren da aka ga wata, bayan sallar magariba, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a tara yara. A nuna musu jinjirin wata in yana ganuwa. A ƙirga musu watanni goma sha biyu da yatsu, su riƙa maimaitawa. Sunayen da kakanninmu suka sa sun fi saurin zama a kan yaro: watan Cika-ciki, watan Takutaha, watan Azumin Tsofaffi, watan Azumi, Ƙaramar Salla, Babbar Salla. Wanda ya kawo su daidai a ba shi dabino, ga shi Allah ya hore mana shi a nan Dutse.

Ran tara da goma ga wata, manya su kan yi azumin Tasu'a da Ashura. A gaya wa yara dalili: ranar Ashura ce Allah ya tsirar da Annabi Musa da mutanensa daga Fir'auna. Da dare uwargida ta fito da jelar ragon Layya da ta ajiye, ta yi tuwo da miya mai kyau. Wannan al'ada ce mai daɗi. Amma zancen nan da a ke yi, wai wanda bai ƙoshi daren nan ba ba zai ƙoshi ba har shekara, kada ya sa mu ɗura wa ƙaramin yaro abinci har cikinsa ya ɓaci. Naman da ya kwana wata guda kuwa a duba shi, a dafa shi ya dahu sarai. Abin da ya ragu a aika wa maƙwabci da almajiri, yaron kansa ya ɗauki kwanon ya kai.

Da safe a kai su gaida kakanni. A bar su su yi wasansu na jika da kaka, taubasai su bi juna kuɗin shara. Nan ne yaro ke sanin danginsa. Abu guda dai, ban da wasa da wuta. Dangar kara ba ta san wasa ba.

Sauran babban aiki, wanda domin shi mu ke zuwa aji. Kowane maigida ya nemi littafin rubutu guda, ya sa masa suna littafin gida. A shafin farko ya rubuta sunan kowane yaro, da ranar haihuwarsa, ta Hijira da ta Bature. In ya manta, ya tambayi ungozoma, ko limamin da ya raɗa suna, ko ya duba katin asibiti. Wanda ba a yi wa takardar haihuwa ba, a je a yi masa wajen ma'aikatan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sa'an nan a tsai da kowane yaro jikin bango, a ja layi da gawayi daidai kansa, a rubuta shekara a gefe. Baɗi war haka a sake. Yaro zai ga tsawonsa ya ƙaru, ya ga lamba ta ƙaru, ya gane da idonsa abin da a ke nufi da shekara. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, kada ya ji kunya. Ya zo da littafinsa aji mako mai zuwa, mu rubuta tare, harafi harafi.

Allah ya sa mu shiga shekara lafiya, ya raya mana zuriya, ya maimaita mana. Amin.