Shekarar Farko A Jami'a: Kada 'Ya'yanmu Su Tsaya Daga Aji Sai Gida

Wannan shi ne jawabin da kwamitin ilmi na ƙungiyarmu ya gabatar a wajen taron iyaye da ɗalibai da aka yi a nan Sheda. Mun kawo shi kamar yadda aka karanta, don amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban wannan ƙungiya da mataimakansa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, sai kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu ɗalibai, muna yi muku barka da zuwa. Muna gode wa iyayenmu mata musamman, domin mun san wasunku sun bar sana'a da girki suka zo.

Aikin da aka ɗora wa wannan kwamiti shi ne ya zauna da yaranmu da suka gama shekararsu ta farko a manyan makarantu, ya ji yadda suka ƙare. Mun zauna da su a lokacin hutu, wasu daga Jami'ar Abuja, wasu daga Kwalejin Ilmi ta Zuba, wasu kuma daga Zariya da Kano da Minna. Mun tambaye su batun karatu da kuɗin makaranta, amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne amsar da suka ba mu game da abin da suke yi bayan an tashi daga lacca. Da yawa daga cikinsu sun ce babu. Daga aji sai mota, daga mota sai gida. Akwai wanda ya shekara cur bai san inda ofishin kula da harkokin ɗalibai yake ba.

To, jama'a, wani zai ce ai wannan abin yabo ne, yaro ya kama kansa. Mu dai a ganinmu akwai asara a ciki, kuma za mu faɗi dalilanmu.

Bari mu fara da yadda zamanmu yake. Allah ya zaunar da mu a tsakiyar cibiyoyin ilmi. Ga Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, ga Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilmi wadda ke tsara manhajar makarantun firamare da sakandare, ga kuma Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda da aka kafa a 1993. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988 ta fara karatu a Gwagwalada a 1990, ba ta da nisa da mu. Ita ce gwamnatin tarayya ta amince a ƙarshen 2024 a mayar da sunanta Jami'ar Yakubu Gowon. Wannan kusanci alheri ne, amma shi ne kuma ya sa yawancin yaranmu suke jeka-ka-dawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka, saboda haka yaro yana fitowa daga laccar ƙarshe hankalinsa yana kan yadda zai kai mahaɗar Giri ya sami motar Gwagwalada kafin magariba. Su kuwa tarurrukan ɗalibai galibi da yamma ake yinsu ko ranar Asabar.

Abu na biyu, mu mazauna ne. Yaron da aka haifa a Sheda, ya yi firamare a nan, ya yi sakandare a Kwali, idan ya zo cike takardar shiga jami'a sai ya rubuta Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Zamfara a matsayin jiharsa ta asali. A can ba a san shi ba, a nan kuma takardar ɗan ƙasa ba tasa ba ce. Idan jiharsa ta fito da tallafin karatu, wa zai gaya masa? Ƙungiyar ɗaliban jihar ce kan fara jin labari, ita kan tattara sunaye, ita kan san ranar tantancewa. Mun sami yarinya a cikin waɗanda muka zauna da su wadda sai bayan an rufe karɓar takardu ta ji labarin tallafin jiharsu, alhali 'yan ajinsu da suka yi rajista da ƙungiyar sun cike. Haka nan bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024, waɗanda suka cike daidai daga cikin yaranmu sun ce a taron bita na ɗalibai aka nuna musu yadda ake yi.

Yanzu bari mu kawo muku abin da waɗanda suka shiga harkokin makaranta suka shaida mana.

Na farko shi ne makon wayar da kan sababbin ɗalibai. Yara da dama kan ɗauka ɓata lokaci ne, tunda ba a ba da maki. Amma a nan ne ake bayanin yadda ake rajistar kwasa-kwasai, da yadda ake amfani da laburare, da inda asibitin makaranta yake, da laifuffukan da kan sa a kori ɗalibi. A nan ne kuma ake bayanin lissafin maki, wanda muke so iyaye ma su fahimta. A yawancin jami'o'inmu ana auna sakamako a kan maki 5. Daga 4.50 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba. Alal misali yaro yana kwas na shekara 4, nauyin darussan kowace shekara ɗaya ne, sai ya yi sake ya tashi da 2.00 a shekarar farko. To, kafin ya kai 3.50 sai ya riƙa samun 4.00 a duk sauran shekaru ukun. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce masa, ko da zai cinye kowace jarrabawa. Wanda ya ji wannan a makon farko ba zai yi wasa da zangon farko ba.

Na biyu, ƙungiyoyin sashe da na addini. Kusan kowane sashe yana da ƙungiyar ɗalibansa, kuma manyan ɗalibai kan shirya wa 'yan aji ɗaya darussan bita kafin jarrabawa, su ba su tambayoyin shekarun baya. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, watau MSSN, wadda aka kafa a Legas tun 1954, ta daɗe tana irin wannan aiki a masallatan makarantu, tana kuma da ɓangaren mata. Wani yaronmu mai karatun kimiyya ya ce a babban ɗakin lacca ko muryar malami ba ya ji sosai saboda cunkoso, a darasin bita ne ya fara gane lissafin aji ɗaya, don a can yana iya ɗaga hannu ya ce bai gane ba.

Na uku, ƙungiyoyin da suke haɗa yaro da waɗanda ba yarensu ɗaya ba, irin su ƙungiyar muhawara, da ta 'yan jarida na makaranta, da Red Cross, da Man O' War, da wasanni. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yaranmu da yawa suna jin Turanci a takarda amma bakinsu yana nauyi a gaban jama'a. Idan suka shiga makaranta sai su nemi 'yan'uwansu Hausawa su lafe a cikinsu har su gama. Ran da aka kira su ganawar ɗaukar aiki sai gumi ya karyo. Maganin wannan shi ne yawan tashi a yi magana tun ana aji ɗaya, a yi kuskure a yi dariya a wuce. Mu da muke zaune lafiya da Gbagyi da Bassa da Ganagana da Yarbawa da Ibo a kasuwa ɗaya, bai kamata a ce ɗanmu ne yake jin tsoron cuɗanya ba.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasan kwaikwayo ana nunawa. Da ya dawo daga karatu a Landan ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Bakin da ya yi wa talakawa magana da shi daga baya, a irin waɗannan wurare aka wasa shi.

To, iyayenmu, mun san abin da yake ranku, kuma tsoronku yana da tushe. Kalmar ƙungiya a jami'a takan tuna wa mutum 'yan ƙungiyar asiri. Asalin abin a 1952 ne, lokacin da ɗalibai 7 a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa wata ƙungiya ta zumunci. Daga baya aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu, har abin ya koma sara da harbi. Ranar 10 ga Yuli 1999 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai 5 cikin dare a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, cikinsu akwai sakataren ƙungiyar ɗalibai George Iwilade. Wannan ya faru, ba mu musu.

Sai dai ku lura da irin yaron da miyagu suke farauta. Sabon zuwa ne, marar aboki, wanda bai san kowa ba, wanda idan aka tsare shi a lungu ba shi da babban da zai kai wa ƙara. Idan muka hana yaro shiga ko'ina, mun mayar da shi irin wannan yaron ke nan. Abin da ya fi shi ne mu koya masa tantancewa. Kafin ɗanka ya ba da sunansa, ya zo maka da amsar waɗannan tambayoyi: Ƙungiyar tana da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai? Wane malami ne uban ƙungiyar, kuma ina ofishinsa? A ina suke taro, kuma da ƙarfe nawa? Nawa ake biya, ana ba da rasit? Duk ƙungiyar da take taro a daji ko da tsakar dare, ko ta ce a rantse ba za a gaya wa iyaye ba, to a guje ta tun daga nesa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Haka nan ba kowane taron bita ne na Allah da Annabi ba. Yaranmu sun ba mu labarin masu zuwa da takardun talla su kama ɗaki a wajen makaranta, su karɓi kuɗi da sunan koyar da sana'a, a ƙarshe sai takardar shaida marar amfani. Wasu kuma sukan ce ka zuba kuɗi ka kawo mutum biyu a ninka maka. Mun ga yadda MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, mun kuma ga CBEX a 2025. An sami yaron da ya zuba kuɗin rajistarsa a irin wannan harka. Taron bita na gaskiya za ka ga sanarwarsa a allon sashe, ka ga sunan malamin da ya tsaya masa. Mu dai muna ƙarfafa muku guiwa ku halarci na koyon kwamfuta, da na rubutun bincike, da na cibiyar koyar da sana'o'i ta makarantarku.

Ku kuma 'ya'yanmu, ga naku. Mun ga wanda ya zarme, ya shiga ƙungiya huɗu, ya tsaya takara tun yana aji ɗaya, ya zama kullum yana bayan manyan ɗalibai 'yan siyasa, sakamako ya fito da kwasa-kwasan da sai ya maimaita. Taura biyu ba ta taunuwa. Shawararmu ita ce, a shekarar farko ka yi rajista da ƙungiyar sashenku da ta jiharku, sa'an nan ka zaɓi ɗaya tak wadda za ka ba lokacinka sosai. Kada taro ya sa ka bar lacca, domin makarantu da yawa ba sa barin wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci ba ya zauna jarrabawa. Takara kuwa a bari sai an ga sakamakon zango biyu.

Game da 'ya'yanmu mata, muna roƙon iyaye maza kada su ce su kam daga aji sai gida. Yarinyar da ta san manyan ɗalibai mata masu kamun kai ta fi samun kariya, don idan wani ya matsa mata ta san wadda za ta gaya wa, ita kuma ta san ofishin da za a kai ƙara. A sa musu ƙa'ida dai: taron rana, a tafi su biyu ko uku, a dawo kafin magariba, waya kuma a kunne.

A ƙarshe, kwamiti yana gabatar wa ƙungiya shawarwari guda 4 don a duba. Ɗaya, a rubuta sunayen duk ɗalibanmu da makarantunsu da ajinsu, a haɗa kowane sabon shiga da wani babba a makarantarsa wanda zai riƙe shi har ya gama shekarar farko. Biyu, 'yan'uwanmu direbobi da suke bin hanyar Gwagwalada da Giri da Zuba su duba ko za su iya rage wa ɗalibai kuɗin mota ranar Asabar. Uku, a tura wakilai su gaida shugabannin cibiyoyin nan da suke maƙwabtaka da mu, su tambayi yadda ɗalibanmu na kimiyya za su nemi gurbin horon sanin makamar aiki idan lokacinsu ya yi. Huɗu, duk hutun ƙarshen shekara ɗalibanmu su shirya wa ƙannensu 'yan sakandare darasin bita na mako biyu, su koya musu cike takardar JAMB, kamar yadda su ma wasu suka koya musu.

Idan an amince, sakatare zai ajiye littafi a bakin ƙofa. Muna roƙon kowane ɗalibi ya rubuta sunansa da makarantarsa kafin ya fita, iyayen da yaransu ba sa nan kuma su rubuta musu.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya tsare su daga miyagun abokai, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.