Mazubi da jeri: matakin farko ga mai koyon gina shafin intanet

An ba ni ɗan lokaci in yi magana kan abu biyu da mai koyon JavaScript ke fara cin karo da su. JavaScript shi ne harshen da ke sa shafin intanet ya yi lissafi ya kuma amsa wa mai latsawa. Brendan Eich ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1995. Ba sai kun sayi komai ba: ku buɗe Chrome ko Firefox a kwamfuta, ku latsa F12, ku shiga wurin da aka rubuta Console, ko babu intanet zai yi aiki.

Na farko shi ne mazubi, wato bariyabul. Kamar ƙwarya ce da aka liƙa wa suna. In kun rubuta let zubi = 500; kun ajiye 500 ƙarƙashin sunan zubi, kuma gobe kuna iya canza shi. In abin ba zai canza ba, sai ku sa const maimakon let. Amma 500 ɗin me? Mu nan a kasuwa da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, dala 100 ita ce sefa 500. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Ku sa wa mazubin suna zubiSefa ko zubiDala, don wanda zai karanta aikinku bayan wata uku, galibi ku ne da kanku.

Ga inda kuɗin mutane ke shiga matsala. Duk abin da aka cike a akwatin shafi, rubutu ne yake zuwa, ko da lamba aka buga. "500" + 200 ba 700 zai ba ku ba, 500200 zai fito, don manna su ya yi. Ku yi tunanin wannan a lissafin adashi! Maganinsa Number("500") kafin a tara.

Na biyu shi ne jeri, wanda littattafan Faransanci ke kira tabulo. In masu adashi 30 ne, ba za ku buɗe mazubi 30 ba. Ɗaya ya isa. Bari mu gwada da garuruwa: const garuruwa = ["Maradi", "Zinder", "Tahoua"]; A madannan Faransanci da yawancinmu ke da su, AltGr da 5 ke fito da alamar buɗe jerin, kar ku sha wahalar nema.

To, ku saurara da kyau, jeri daga sifili yake fara ƙirga. garuruwa[0] shi ne Maradi, garuruwa[2] shi ne Tahoua. In kun nemi garuruwa[3], ba zai yi muku ƙorafi ba, undefined kawai zai ce, wato babu kowa a gurbin, aikin kuma ya ci gaba da kuskurensa a ciki. A adashi, wannan na nufin kwasar wani ta faɗa hannun na bayansa. garuruwa.length zai ce 3, don haka na ƙarshe kullum yana gurbin length - 1. In kuna son ƙara Niamey, garuruwa.push("Niamey") zai sa ta a ƙarshe, ko da const kuka buɗe jerin.

Kafin zama na gaba, kowa ya rubuta jerin zubin mutum biyar, ya tara su da for, ya raba jimlar da 5 ya ga dala nawa ce.